Yadda Ake Sa Dabbar Gida Cikin Jinyar Majinyaci da Kula da Tsofaffi

Shekarar da mahaifina ya yi ritaya daga aikin gwamnati ita ce shekarar da hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi. Bayan an sallamo shi daga asibiti mun yi duk abin da muka sani a gidanmu da ke unguwar Jahun: magani a kan lokaci, abinci marar gishiri, kai shi wurin masu gashin ƙashi sau biyu a mako. Amma mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya sai ya koma kwanciya a ɗaki, fuska na kallon bango, in an gaishe shi ya amsa da ka. Abin da ya fito da shi tsakar gida wata 'yar tunkiya ce da uwarta ta mutu, ƙanensa ya aiko da ita daga Liman Katagum, aka ɗaure ta a gindin darbejiya daidai tagar ɗakinsa. Kwana uku tana kuka. A na huɗu muka ji muryarsa daga ciki: "Wai babu wanda zai ba dabbar nan ruwa ne?" Ƙanwata ta ce, "Baba, an ba ta, ta ƙi sha." Ya ce, "Ba ku iya ba ne. Miƙo mini sandata."

Daga ƙofar ɗakinsa zuwa gindin bishiyar bai fi taku goma ba, amma a ranar sai da ya huta sau biyu a hanya. Ya zauna a kujerar roba, ya tsoma yatsunsa cikin ruwan da aka jiƙa dusa, ya kai bakin 'yar tunkiyar, ta tsotsa, sannan ta sunkuya ta sha da kanta. Washegari tun ba a gama shara ba ya fito. Kafin wata biyu shi ke dama mata dusa da 'yar kanwa, kuma da hannun hagun da ya riga ya cire wa rai yake riƙe kwanon. Magani da gashin ƙashi sun yi nasu aikin, kuma har yau yana jan ƙafar. Abin da tunkiyar ta ba shi shi ne dalilin saukowa daga gado, wanda mu 'ya'yansa muka yi wata biyu muna lallashi ba mu samar masa ba.

Mu a Bauchi babu gidan da bai san dabba ba, sai dai lissafin da muke yi mata na dukiya ne. Akuya asusun uwargida ce, rago na layya ne, kyanwa don ɓera, kare don gadi ko farauta, doki kuwa don hawan sallah. Duk wannan daidai ne, amma akwai wani amfani da ke cikin turken da ba mu cika sa shi a lissafi ba, kuma ana iya nemansa da gangan, a tsara shi kamar yadda ake tsara shan magani. A addinance ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Laƙabin Abu Huraira daga 'yar kyanwarsa ya samo asali, kuma Imam Malik ya ruwaito hadisin da ke cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu.

Likitocin wasu ƙasashe sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1796 William Tuke ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a garin York na Ingila, inda aka rage amfani da sarƙa da mari, aka zuba zomaye da kaji a farfajiya domin majinyata su riƙa mu'amala da su. A 1962 wani masanin halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya wallafa bayanin yadda yaron da ya ƙi sakin jiki da kowa ya saki jiki da karen Levinson ɗin mai suna Jingles, har ta kan karen ya samu hanyar yin magana da yaron. A 1980 Erika Friedmann da abokan aikinta suka bi diddigin mutum 92 da aka taɓa kwantarwa saboda ciwon zuciya, bayan shekara ɗaya suka tarar cikin 53 masu dabba a gida mutum 3 ne suka rasu, cikin 39 marasa dabba kuwa 11. A 2017 wani bincike a ƙasar Suwidin da ya haɗa mutum sama da miliyan uku ya nuna cewa a cikin masu zaman kaɗaici, waɗanda ke da kare sun fi ƙarancin mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2019 kuma aka auna yawun ɗalibai a wata jami'ar jihar Washinton ta Amurka, aka ga minti goma kacal na shafa kyanwa ko kare ya rage sinadarin kotisol, wanda jiki ke yawaita fitarwa idan mutum yana cikin matsin rai.

Ya kamata a karɓi waɗannan alƙaluma da natsuwa. Mai ƙoshin lafiya da abin hannu shi ya fi iya ajiye dabba tun farko, saboda haka ba dukan bambancin ne za a jingina wa dabbar ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta faɗi makamancin haka a 2013: mai yiwuwa ajiye dabba, musamman kare, yana da alaƙa da raguwar ciwon zuciya, amma kada mutum ya je ya ɗauko dabba don wannan dalili kaɗai. A fahimtata, amfanin yana cikin hidimar ne. Wanda ke tashi da asuba ya ba dabba ruwa ya motsa jikinsa, ya sha hantsi, ranarsa ta samu farko da ƙarshe, kuma ya san akwai wani rai da ke jiran fitowarsa. Dabbar da aka saya aka ɗaure a bayan gida, yaro ke ba ta abinci, majinyaci bai ko san kalarta ba, ba ta da abin da za ta ƙara masa. A kan wannan fahimta duk matakan da ke tafe suka ginu.

A fara da tantance abin da ake nema wa majinyacin, tun kafin a je kasuwa. Wani motsa hannu yake buƙata, wani tafiyar ƙafa, wani kaɗaici ne ke cinsa tun da abokin zamansa ya rasu, wani kuma yaro ne da ba ya son magana ko haɗa ido da mutane. A faɗi buƙatar da kalmomin da za a iya aunawa, kamar a ce ana so Baba ya riƙa fitowa tsakar gida sau biyu a rana, ko Inna ta riƙa buɗe yatsun hannun dama tana rufewa na minti goma. Sannan a gaya wa likitan da ke duba shi ko mai gashin ƙashinsa a ranar da aka je ganinsa, domin shi zai faɗi nauyin da hannun zai iya ɗauka da nisan da ƙafar za ta iya zuwa, kuma shi ya san ko akwai abin da zai hana kusantar dabba gaba ɗaya, kamar asma mai tsanani, ko raunin garkuwar jiki saboda maganin ciwon daji ko cuta mai karya garkuwar jiki. Abin da masana ke kira jinya da dabba shi ne wanda ƙwararre ke tsarawa, da manufa da ma'auni. Abin da za mu iya yi a gida ƙanensa ne, kuma gwargwadon yadda muka kwaikwayi wannan tsari gwargwadon amfanin da za mu gani.

Wajen zaɓen dabba, tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: me majinyacin ya taɓa kiwo yana yaro, kuma wane kiwo ne ya karɓe shi? Hannu ba ya mance abin da ya saba. Dattijon da ya tashi a rugga ko a gona zai fi sakin jiki da tunkiya ko akuya, tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana watsa wa kaji tsaba za ta fi jin daɗin kaza mai 'yan tsaki, mutumin da ya yi samartakarsa da tattabaru kuwa kukan tattabara kaɗai ya isa ya fito da shi waje. A tambaye shi da kansa, kuma in ya ce ba ya so, a ƙyale shi, domin dabbar da aka tilasta wa mutum sai ta ƙara masa ɓacin rai.

Kyanwa ta fi dacewa da wanda ba ya iya fita sosai: mai doguwar jinya a gado, tsohon da ƙafa ta gaza, ko matar da ke cikin takaba, wadda bayan an watse daga zaman makoki take shafe sauran wata huɗu da kwana goma a ɗaka, dare ya yi mata tsawo. Kyanwa ba ta da nauyi, tana zuwa da kanta ta kwanta a gefen mutum, ɗuminta da gurnaninta suna sanyaya rai, kuma shafa bayanta daga kai zuwa wutsiya motsa hannu ne da ba ya gajiyarwa. Sai dai a sani ita mai cin nama ce, ragowar tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, a riƙa haɗa mata da kan kifi ko guntun nama da aka dafa, a guji ba ta abinci mai yawan albasa domin yana lalata mata jini. Kada a taɓa ba ta farasitamol ko da ta nuna alamar ciwo, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Tunkiya da akuya kuwa su ne na mai buƙatar tashi da tafiya, saboda hidimarsu ba ta yankewa: dama dusa, sauya ruwa, sharar turke, zuwa sayen harawa, fita da su bakin gari su ci ɗanyar ciyawa da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma mai fita da tumaki biyu na rabin awa kwana biyar ya cika wannan adadi ba tare da ya ji ana tilasta masa atisaye ba. A zaɓi mace ko ƙaramin da bai fara tunkuyi ba. Babban rago ko bunsuru yana iya kayar da tsoho da tunkuyi ɗaya, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramar musiba ba ce.

Maganar kare tana buƙatar a faɗi gaskiya. Yawancin binciken Turai da Amurka a kan karen da ke kwana a ɗaki aka yi shi, wanda maigidansa ke fita yawo da shi safe da yamma, kuma a wannan yawon mafi yawan amfanin zuciyar yake. Karen da ke ɗaure da sarƙa duk yini, a sake shi da dare, ba shi aka auna ba. Hadisi ya ambaci farauta da tsaron dabbobi da gona a matsayin dalilan ajiye kare, kuma dattawanmu da yawa ba sa son ya kusanci tufafinsu ko wurin sallarsu, saboda haka ba na ganin hikimar a cusa wa irin wannan mutum kare da sunan magani alhali tunkiya za ta ba shi tafiyar da ake nema. Gidan da ke da kare tun asali, ko wanda ba shi da wannan damuwa, sai a sa masa igiya a riƙa fita da shi na minti ashirin zuwa talatin da sanyin safiya, amma kada a ba tsoho igiyar karen da ke fizga.

Da an samu dabbar, kada a kai ta ɗakin majinyaci a ranar. A ware ta a gefe na kamar mako biyu ana lura da cinta da kashinta da idanunta, a kai ta asibitin dabbobi ko a kira malamin dabbobi ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya raba ta da kaska da ƙuma. Kare da kyanwa a yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare tun suna wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a kuma adana katin. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, maƙwabciyarmu, tana cikin masu sarrafa alluran dabbobi a ƙasar nan. Kada a yi wa dabba wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska, yana kashe dabbar kuma yana shiga jikin mai shafa ta. A cikin makonnin nan biyu ne kuma za a gwada halinta: a taɓa kunnenta da ƙafarta, a saki murfin tukunya kusa da ita, a bar yaro ya wuce da gudu, a ga abin da za ta yi. Kyanwar Lami ake nema a nan, ba cizo ba yakushi. Dabbar da ta firgita ta kai hari, ko da sau ɗaya ne, a bar ta a matsayin dabbar kiwo, a nemi wata.

Haɗuwar farko ta zama gajera, minti goma zuwa sha biyar, a lokacin da majinyaci ya fi samun kuzari, wanda a garinmu yawanci hantsi ne ko bayan la'asar, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke tsananta. A zaunar da shi a kujera mai majingina, ƙafafunsa a ƙasa sosai, wani ya riƙe dabbar, a bar ta ta matso ta sansana hannunsa da kanta. Daga nan sai a ba shi aiki ɗaya da zai zama nasa shi kaɗai, kuma wannan shi ne wurin da iyalai suka fi yin kuskure, domin tausayi yana sa mu karɓe wa majinyaci komai. Idan ba wa tunkiya ruwan safe ne aikinsa, kada wani ya riga shi ko da ya makara, a bar kukanta ya tashe shi. Mai shanyewar ɓarin jiki a ajiye dabbar ta ɓangaren da ya yi rauni domin ya juya ya miƙa wannan hannun, a ba shi burushi mai kauri ko tsumma ya riƙa goge mata baya, ya riƙa tsintar tsaba da yatsu uku yana miƙa wa kaza, ya riƙa dama dusa a kwano. Waɗannan kusan su ne motsin da ake koya masa a asibiti, bambancin kawai shi ne a nan yana ganin amfanin abin da yake yi nan take. Duk mako a ƙara kaɗan: a matsar da turken da taku biyu, a ƙara ruwan bokitin da kofi ɗaya.

Mai gigin tsufa sau da yawa hankalinsa ya fi tashi daga la'asar zuwa magariba, ya riƙa neman fita yana cewa zai tafi gida alhali a gidansa yake. A irin wannan lokaci gardama ba ta amfani. A miƙa masa 'yar ƙwarya da tsaba a ce, "Kaka, kaji ba su ci ba tukuna," ko a ɗora masa kyanwa a cinya, sau da yawa sai ka ga ya zauna, har ya fara ba da labarin shanun mahaifinsa da sunayensu. Amma kada a bar shi da dabbar shi kaɗai, domin yana iya matse ta ba da niyya ba, ko ya manta ya ci abin da ke cikin kwanonta. Yaron da ba ya magana ko yake gudun mutane kuwa, a fara barinsa ya yi kallo daga nesa kwana da kwanaki, zomo ko ɗan akuya mai sanyin hali, babba na zaune kusa yana magana da dabbar a hankali. Idan ya matso da kansa a nuna masa yadda ake shafawa da tafin hannu. Yaro mai i'ina ko mai jin kunyar karatu a gaban aji yana iya karanta wa zomo littafinsa da ƙarfi, tunda zomo ba zai yi masa dariya ba. A koya wa yara cewa ba a ɗaga zomo ta kunne kamar yadda aka saba, ana tallafo ƙirjinsa da gindinsa ne.

Doki yana da nasa babi. Wata 'yar ƙasar Denmak, Lis Hartel, shan inna ya same ta a 1944 ya shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, amma ta koma kan doki har ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, kuma labarinta na cikin abin da ya ja hankalin masu gashin ƙashi zuwa jinya da doki. Hikimar ita ce idan doki na tafiya a hankali, bayansa yana juya ƙugun mahayi gaba da baya da gefe, kusan yadda ƙugu ke juyawa idan mutum na tafiya da ƙafarsa, sai tsokokin baya da ciki su yi ta gyara zama ba tare da mahayin ya sani ba. Shi ya sa ake amfani da shi ga yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai sandarar da gaɓoɓi, waɗanda zama da tsayuwa ke yi wa wuya. Masarautunmu na Bauchi da Katagum da Misau da Ningi da Jama'are da Das cike suke da barga da mutanen da suka san doki ciki da bai, kuma yana damuna ƙwarai cewa waɗannan dawaki suna shafe mafi yawan shekara a turke alhali ga yara masu buƙata a unguwa ɗaya. Duk da haka wannan ba aikin da iyaye za su yi su kaɗai ba ne. Sai da mai gashin ƙashi a wurin, da tsohon doki mai sanyi wanda ba ya firgita, ba ingarman da aka horar don sukuwa ba. Mutum ɗaya ya ja ragama, biyu su yi tafiya a gefe suna riƙe da yaron, a sa masa hular kwano, a shimfiɗa bargo mai kauri a maimakon sirdi domin ɗumin dokin da motsinsa su kai gare shi, kuma kada a wuce rabin awa. Yaro mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ba, ko mai gocewar ƙugu, ko mai raunin ƙashin wuya, ba a ɗora shi.

Dabba tana ɗauke da cuta, kuma majinyaci ya fi kowa saurin kamuwa. Mafi muni shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamominsa sun bayyana kusan ba a tsira. Duk wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar don allura, kada a tsaya barbaɗa gari ko ɗaure ciwon ana jiran a ga abin da zai faru. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, saboda ƙwayar toksoplasma da ke iya cutar da abin da ke cikinta. Ƙwayar ba ta fara kama mutum sai kashin ya kwana ɗaya ko fiye, saboda haka wani ya riƙa kwashewa kullum. Haka kuma mai ciki kada ta taɓa mahaifar tunkiya ko akuya ko ɗan da aka yi ɓarinsa, kuma kowa ya tafasa madara kafin sha saboda bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari kuma take kama mutum, da tarin fuka. Kyanwar da gashinta ke zubewa a zagaye makero gare ta, yana kama yara, a raba su har ta warke. Tun da jiharmu na cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo, ɓeran da kyanwa ta kawo kada a ɗauke shi da hannu, a kwashe da shebur a binne. Ɗakin tattabaru da akurkin kaji a yayyafa musu ruwa kafin shara, mai sharar ya rufe hanci, domin ƙurar busasshen kashi tana illata huhu, kuma mai asma ko tari mai daɗewa ya nisanci wannan aiki. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe idan zai shiga turke. Bayan kowace haɗuwa da dabba a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko magani, a ajiye buta da sabulun a gindin turken don kada a manta.

A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta abin da aka gani: ranar da ya fito, minti nawa ya yi, yadda ya yi barci, yadda ya ci abinci, da awon jininsa idan akwai na'ura a gida, a lokaci ɗaya kowace rana. Bayan mako huɗu zuwa shida a kai wa likita ya duba. Ko da awon ya yi kyau, kada a rage maganin hawan jini ko na suga ko na damuwa sai da izininsa. Wanda ya daina cin abinci, ko ya daina barci, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, asibiti za a kai shi a ranar, ba a jira dabba ta gyara wannan.

Dabbar ma tana da haƙƙi, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha ya ishe mu gargaɗi. Idan ta fara kauce wa hannu, ta kwantar da kunne, ko kyanwa ta fara kaɗa wutsiya da ƙarfi, ta gaji, a sake ta. A yi mata rumfa da ruwa mai sanyi a bazara, a kare ta daga iskar hunturu. Tun farko a yi lissafin kuɗin dusa da harawa da magani, a sayi harawa da kaka lokacin da take araha a jibge a kan rufi, a kuma sa wani takamaimai a gidan wanda zai karɓi hidimar duk ranar da jikin majinyaci ya ƙi.

Abu na ƙarshe da za a shirya masa tun ranar farko shi ne rabuwa. Kada dabbar jinya ta zama ragon layya, kuma kada a sayar da ita a bayan idonsa don wata buƙata ta taso, domin mutumin da ya yi wata takwas yana tashi saboda ita zai iya komawa gado a mako ɗaya. Shi ya sa mace ta fi, ana cin moriyar 'ya'yanta ita kuma tana nan. Idan ta mutu a gaya masa gaskiya, kada a ce ta ɓata, kuma kada a raina baƙin cikinsa da cewa ai dabba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarin tsuntsun. A bar majinyaci ya yi jimaminsa na mako ɗaya ko biyu, sannan a tambaye shi ko yana son wata, a bar masa zaɓin. Tunkiyar mahaifina ta haihu sau huɗu kafin ta mutu a daminar da ta wuce. Kwana tara bai je gindin darbejiyar ba. A na goma ya sa aka fito da 'ya'yanta mata guda biyu, ya daɗe yana dubansu, sannan ya nuna mai baƙin kunnen ya ce a ɗaure ta a turken uwarta.